Azurfar da ke kwance a adakar tsofaffinmu

A 1942 Jamusawa suka nutsar da wani jirgin ruwan Ingila mai suna City of Cairo a Tekun Atlantika, kudu da tsibirin Saint Helena, yana ɗauke da kusan tan 100 na kuɗin azurfa daga Indiya. Sai a 2013 aka tsamo su daga zurfin da ya haura mita 5,000, aka kuma narka mafi yawansu. 'Yan kaɗan da suka tsira daga narkawa su ne masu tara tsofaffin kuɗi ke rububi a kansu yau.

Garuruwanmu Kankiya da Kusada ba su san teku ba, amma sun san azurfa. Tamu ta hamada ta zo, a bayan raƙuma, daga Tarabulus. Kusada tana kan tsohuwar hanyar fatake daga Katsina zuwa Kano. Ta nan Baturen Jamus Heinrich Barth ya bi a 1851, zamanin da wuri ne kuɗin kasuwa, azurfa kuwa sai attajirai da sarakuna. Azurfar da ta fi shahara ita ce mai hoton sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa. Nauyinta ya kai giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Maƙeran farfaru suka ƙaunace ta: wata a narka a yi munduwa, wata a huda a rataya, wata a ɗora ta sukutum a kan zobe.

A nan mai saye yake ruɗewa. Zai ga 1780 a jiki, ya ɗauka shekarar da aka buga ta ke nan. A'a. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, an kuma ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a Biyana, Landan, Rum da Bombai, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar wadda aka sauya mata kama.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda magada ke kai irin waɗannan ga maƙeri a auna a sikeli kamar tsohon ƙarfe. Har da sule da dalar azurfa da Turawan mulki suka buga wa Afirka ta Yamma daga 1913 zuwa 1920, waɗanda shekarar jikinsu gaskiya ce. Kafin a raba gado, ya kamata a ɗauki hoton kowace gaba da baya, a tambayi tsohuwar gidan yadda ta shigo hannunsu, a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Katsina ko Gidan Makama a Kano.