Murhun gas: kuɗin saye daban, kuɗin ɗaurawa daban

Tun da matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, girki da gas ya shiga gidaje da dama a Nijar. A 2012 gwamnati ta tsayar da kuɗin cika tukunya mai kilo 6 a kan sefa 1,800, mai kilo 12.5 kuma sefa 3,750. Wannan ya buɗe wa 'yan kasuwar Maraɗi, Ƙonni, Jibiya da Maigatari sabuwar hanyar ciniki, domin yanzu da wuya a haɗa kayan ɗakin amarya a birni ba a sa murhun gas ba.

Sai dai rigimar da ake yawan yi tsakanin mai shago da mai saye ita ce: an yi ciniki a kan murhu kaɗai, an je gida, kashe kuɗi ya sake tashi.

Na farko, murhu mai baki biyu ko huɗu ba ya aiki sai da tiyo, da maɗauri, da kan da ke daidaita ƙarfin iska, wanda ake kira detandar a Nijar. Bakin tukunya ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Wani murɗawa ake yi, wani dannawa. Wanda ya sayo kai a Kano bai duba tukunyarsa ba, yana iya sayen wani a karo na biyu.

Na biyu, murhun gwanjo na Turai. Da yawansu an saita su ne don gas na bututun gari, ba na tukunya ba. In ba a canza 'yan ƙananan hancin da iska ke fitowa ba, wuta za ta tashi ja, ta baƙanta tukwane, gas ya ƙare da wuri. Canjin kuwa aikin makaniki ne, kuma da ladansa.

Na uku, murhun da ake binnewa cikin kanta. Mafi yawansu faɗin santimita 60 ne, ramin da ake yanka musu kuma kimanin 56 ne da 49. In sabon bai dace da ramin tsohon ba, sai an kira magini ko mai tayil.

Shi kuwa na lantarki mai baki huɗu yana iya jan wuta har kilowat 7, abin da ya fi ƙarfin mitar ƙaramin gida. Ba a kuma manta da yadda Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023 ba.

Ga ɗan kasuwa, shawara ita ce ya faɗa wa mai saye jimillar kuɗin tun a shago: murhu, tiyo, kai, dako da ladan ɗaurawa. Ya lissafa da canjin naira da sefa na ranar, tunda darajar naira ta faɗi ƙwarai daga watan Yuni na 2023. Ya guji tiyon ruwa, ya duba shekarar ƙarewar aiki da ke rubuce jikin tiyon gas. Bayan an ɗaura, a shafa kumfar sabulu a mahaɗa. In ta yi ƙwai, iska na zuba. Kada a gwada da ashana.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai shagon da ya faɗi gaskiyar kuɗi tun farko, shi za a komo wa gobe in za a aurar da wata 'yar.