Ranar da kamfani ya rufe wasa, ina kuɗin ɗan wasa suke tafiya?

Wasan gem iri biyu ne a Magarya da Dungas. Akwai na rumfa: talabijin a kan tebur, tsohuwar PlayStation, janareto ko sola a waje, yara a jere kan benci suna jiran layi ya zo kansu su buga ƙwallo. Akwai kuma na waya, wanda ake yi a fada bayan isha'i, shayi na kan gawayi, samari huɗu sun haɗa ƙungiya a Free Fire ko PUBG Mobile, wani yana faɗa da abokinsa don ya bar shi an harbe shi. A ido duk wasa ne, amma ba ɗaya suke ba. Na rumfa gaba ɗayansa yana cikin akwatin da ke gaban mai rumfa, muddin akwai wuta zai tashi, ko kamfanin da ya ƙera shi ya manta da shi. Na waya kuwa rabinsa ne kawai yake hannun mai wayar.

Ɗaya rabin yana cikin manyan kwamfutocin kamfani, waɗanda ake kira saba, a wata ƙasa mai nisa. Duk motsin da ɗan wasa ya yi, waya tana aika labarinsa can, saba ce take yanke hukuncin wa ya riga wa harbi, sannan ta maido da amsa, duk cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa in rezo ya yi rauni sai ka ga mutum ya daskare a fili, kafin ya motsa an kashe shi. A can ne kuma aka ajiye sunanka, da matsayin da ka kai, da rigunan da ka saya, da lu'ulu'un Free Fire ko UC na PUBG da ka biya da kuɗinka. Waya hotuna da sauti take riƙe da su. Ranar da aka kashe saba, alamar wasan tana nan a fuskar waya, amma ko sau ɗari ka taɓa ta ba za ta wuce ƙofa ba.

Abin da ya sami masu wasan tseren mota The Crew ke nan. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da shi a Disamba 2014, mutane suka saya da cikakken kuɗi, wasu har a faifai. A Disamba 2023 aka janye shi daga kasuwa, a ƙarshen Maris 2024 aka kashe sabarsa. Ko mai son ya tuƙa motarsa shi kaɗai bai sami hanya ba, domin an gina wasan ta yadda ba ya tashi sai da intanet. Faifan ya zama abin ajiya. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne matsalar saba da ta lasisi.

Maganar lasisi gaskiya ce. Motocin da ke cikin irin wannan wasa, da waƙoƙinsa, da sunayen ƴan ƙwallo da kulob a wasan ƙwallo, duk na wasu ne, an karɓo izininsu na ƴan shekaru, in wa'adi ya cika sai a sake biya. Rabuwar kamfanin EA da hukumar FIFA ita ta sa wasan da kowa ya sani da FIFA ya koma EA Sports FC a 2023. A Sin, da yarjejeniyar kamfanonin Blizzard da NetEase ta ƙare, sai wasan World of Warcraft ya tsaya cak a Janairu 2023, bai dawo ba sai a 2024 da suka sasanta. Wani lokaci kuma fasahar da aka ɗora wasa a kai ce take mutuwa: FarmVille, wasan noma na Facebook da aka fara a 2009, an rufe shi ranar 31 ga Disamba 2020 saboda an daina amfani da manhajar Flash.

Babban dalili dai lissafi ne, kuma a nan abin ya fi shafar mu. Saba tana cin wuta dare da rana. Akwai injiniyoyi masu gyara, da masu farautar ƴan maguɗi, da masu amsa koke, duk ana biyansu albashi. Wasan da ake saukewa kyauta yana rayuwa ne a kan ƴan tsirarun da ke kashe kuɗi da yawa, sai kuma talla. Saurayin da ke Dungas, wanda ya yi dakon kaya ko kabu-kabu ya sayi mega, ya kuma tura wa wani dillali jaka ɗaya ta WhatsApp don a zuba masa lu'ulu'u, a wurinsa ya kashe kuɗi mai ciwo. A littafin kamfani wannan jakar ba ta kai dalar Amurka biyu ba. Tallar da aka nuna masa ita ma ba a biyan ta kamar wadda aka nuna wa mutumin Amurka ko Japan. Ana son yawanmu, domin mu ne muke cika fili mai kuɗi ya sami abokin karawa, amma in an zauna yanke shawarar rufewa ko ci gaba, nauyinmu a ma'auni kaɗan ne.

Shi ya sa abin da aka yi domin mai ƙaramin ƙarfi yakan riga sauran tafiya. PUBG Lite, da aka yi domin kwamfutoci marasa ƙarfi, an rufe shi a Afrilu 2021. Ba a wasa kaɗai ba: YouTube Go, mai tattalin mega, Google ta dakatar da shi a 2022, Messenger Lite kuma ya bi bayansa a Satumba 2023. Ana cewa mutum ya koma babbar manhaja, alhali wayarsa ba ta da wurin ɗaukarta.

To me ya sa rufewar take zuwa bagatatan? A ganina ba don ba a san da ita ba ne. Kamfani yana kallon alƙalumansa kullum, ya san wata nawa ke nan mutane suna raguwa. Sai dai ranar da ya buɗe baki ya faɗa, ranar ciniki yake tsayawa, don haka yakan yi shiru har sai shawara ta nuna. Wani lokaci ma wasan yana da jama'arsa, amma ana son kwashe ma'aikata da ƴan wasa zuwa sabon da za a sayar. City of Heroes ya shekara takwas yana gudana sa'ad da kamfanin NCSoft na Koriya ta Kudu ya sanar, a ƙarshen Agusta 2012, cewa zai rufe shi tare da ofishin da ke haɗa shi. Ranar 30 ga Nuwamba aka kashe. Ƴan wasan sun yi zanga-zanga a cikin wasan, sun aika takardu, bai hana ba.

Mun ga kamfani ya tattara ya tafi a ƙasar nan. Orange ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, amma layukan mutane ba su mutu ba, domin an sami wanda ya karɓa, kuma akwai hukumar ARCEP da ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa. Wasa ba shi da wannan gata. Garena mai Free Fire tana Singafo, Konami mai eFootball tana Japan, babu ƙofar da ɗan Magarya zai je ya ƙwanƙwasa. Doguwar takardar nan ta Faransanci ko Turanci da kowa ke danna wa amincewa ba tare da karantawa ba ta riga ta ce izinin amfani aka ba ka, ba mallaka ba. Rumfar haya ce: ka yi mata fenti, ka kafa kanta, amma makulli na hannun mai ita. Wannan takarda ce kuma take haramta cinikin asusun wasa da samari ke yi a tsakaninsu, don haka wanda ya sayi asusun wani yana iya wayar gari an toshe shi.

Ba na cikin masu cewa dole kamfani ya riƙe saba har abada. Ƙungiyar kamfanonin wasa ta Turai ta ce tilasta hakan zai sa tsada, kuma sabar da ƴan wasa ke gudanarwa da kansu ba ta da tabbacin tsaron bayanan mutane. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma abin da wani mai suna Ross Scott da magoya bayansa suka nema, tun da ya fara gangamin Stop Killing Games a Afrilu 2024, bai kai haka ba: in za ka tafi, ka bar wasan a yanayin da wanda ya saya zai iya buga shi. Takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yuli 2025. Kuma an ga cewa abin mai yiwuwa ne. Ubisoft ta ƙara wa The Crew 2 hanyar wasa ba intanet a Oktoba 2025. NCSoft ta ba masoyan City of Heroes izinin gudanar da sabarsu a hukumance a Janairu 2024. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta wajabta a gaya wa mai saye ƙarara cewa izini yake saya. Ina ganin ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye na Nijar da Najeriya ya kamata su nemi ko da wannan na ƙarshen, a rubuta shi kuma da harshen da mai biya yake ji.

Kafin nan, mai wasa ya riƙa lura da alamomi. In sabuntawa ta daina zuwa, in ana daɗewa kafin a sami abokan karawa, in wasa ya ɓace daga Play Store, in an dakatar da sayar da kuɗin cikinsa, to a daina zuba masa ko dala. Apex Legends Mobile ya fito a Mayu 2022. A ƙarshen Janairu 2023 EA ta ba da wa'adin kwana 90, ta rufe shagon cikinsa, ta kuma ce ba za ta mayar wa kowa kuɗin da ya riga ya kashe ba. Ranar 1 ga Mayu 2023 aka kashe sabar.