Hutun Iyali a Bakin Tekun Badagry: Shirin da Ya Kamata Ku Yi Kafin Ku Tashi

Makarantu sun rufe, dogon hutu ya kama, yara kuma sun fara tambaya: "Baba, ina za mu je bana?" Idan kuna zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago ko Sabon Ibadan, kuma tsadar kuɗin mota ta hana ku zuwa ganin gida a Arewa, akwai wurin da za ku iya kai iyali a yini ɗaya ko kwana biyu, su ga teku su kuma koyi tarihi. Wurin shi ne Badagry, tsohon gari a yammacin Jihar Legas, kusa da iyakar Seme da ta raba Najeriya da Jamhuriyar Benin.

Sai dai fita da yara bakin teku ba kamar kai su gidan ajiyar namun daji ba ne. Yawancin 'ya'yanmu ba su iya ninƙaya ba, mu iyayen ma haka, kuma watannin dogon hutu su ne lokacin da tekun Legas ya fi tumbatsa. Don haka shirin tafiyar nan ya kamata ya fara da maganar ruwa, kafin a zo kan abinci da kayan sawa.

Me ya sa Badagry?

Garin yana bakin wani kogi da ya ratsa tsakaninsa da Tekun Atlantika. Mutanen Egun ne ainihin mazaunansa, sarkinsu kuma ana kiransa Akran. Shekaru masu yawa garin ya yi yana ɗaya daga cikin tashoshin da ake lodin bayi zuwa ƙetare, kuma har yau alamun wannan zamani suna nan tsaye.

A unguwar bakin ruwa za ku ga benen da ake kira bene na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan suka kammala a 1845. Kusa da shi akwai gidan tarihi na Badagry, a tsohon ofishin Di'o na zamanin Turawa, sannan da gidan adana kayan tarihi na dangin Mobee, inda yara za su ga sarƙoƙi da maruruwan da aka riƙa ɗaure mutane da su. Akwai kuma gidan Seriki Williams Abass, wanda aka taɓa kama shi bawa, daga baya shi ma ya zama babban dillalin bayi. Ƙananan ɗakunan da ake tsare mutane kafin jirgi ya iso suna nan a cikin gidan. Ku lura da sunan: "Seriki" kalmar "Sarki" ce ta Hausa da Yarbawa suka ara.

Alaƙar garin da ƙasar Hausa ta wuce wannan suna. Daga Badagry ne Baturen nan Hugh Clapperton ya kama hanya a watan Disamban 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da Kano har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1827. Haka kuma cikin waɗanda aka kwashe ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa da aka kai yankin Bahia na ƙasar Barazil. A can sun yi suna wajen ƙin yarda da bauta, kuma wasunsu na cikin bayi Musulmi da suka yi tawaye a birnin Salvador a 1835, cikin watan azumi. Yaron da aka faɗa wa haka kafin a tashi, da wani ido zai kalli waɗannan sarƙoƙi.

Ku san halin tekun a wannan lokaci

Dogon hutu yana faɗowa ne cikin damina. Gaskiya ne a kudancin ƙasar nan ruwan sama kan ɗan tsagaita daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, kuma hakan na sa fita ta yi daɗi. To amma tsagaitawar ruwan sama ba ta nufin teku ya kwanta. A waɗannan watanni igiyar ruwa ta fi ƙarfi, ruwan ya fi sanyi, kuma tekun kan yi ambaliya ba shiri. Mazauna Legas ba su manta da abin da ya faru a bakin tekun Kuramo a watan Agustan 2012 ba, lokacin da igiyar ruwa ta haura ta tafi da mutane.

Babban haɗarin da ba a gani da ido shi ne ruwan da ke komawa. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa sai ya nemi hanyar komawa teku, kuma yakan tattaru a wani siririn wuri ya koma da gudu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wannan wuri ya fi ko'ina kama da lafiyayye, domin igiya ba ta fashewa a cikinsa sosai. Sau da yawa launinsa ya fi duhu, ko kuma a ga kumfa da tarkace suna tafiya cikin teku. Inda uwa za ta ce "ga wuri mai kyau nan, ku shiga nan," wataƙila nan ne ya fi haɗari.

Ƙari a kan haka, gaɓar Legas tana da gangare. Taku biyu ko uku daga inda ruwa yake a idon sawu, sai a ji ƙasa ta zurma, rairayin ƙarƙashin ƙafa kuma yana zamewa duk lokacin da igiya ta koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Dokokin da za ku kafa tun daga gida

Ku zaunar da yara daren tafiya ku gaya masu dokar, kada ku bari sai sun ga ruwa hankalinsu ya tashi. Wanda bai iya ninƙaya ba, iyakarsa inda ruwa ke taɓa ƙafa ya koma. Ƙaramin yaro kuma ba ya matsawa kusa da ruwa sai hannunsa na cikin na babba. Kada kowa ya juya wa teku baya don ɗaukar hoto, domin igiya ɗaya babba ta isa ta kayar da mutum.

Ku raba aikin tsaro a tsakaninku. A wurin taro kowa yakan ɗauka wani ne ke kallon yaran, Maigida na hira, Uwargida na zuba abinci, ƙanwar uwa na duba waya. Ku ware mutum ɗaya babba wanda ba shi da wani aiki sai kallon yara, ba waya a hannunsa, bayan minti ashirin ya miƙa wa wani, ya kira sunansa ya ce "yanzu kai ne." Kada a ɗora wannan nauyi a kan yayarsu 'yar shekara goma sha biyu. Ku kuma sani cewa mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim. Bakinsa na nutsewa yana fitowa, ba shi da numfashin kiran kowa, kuma cikin ƙanƙanin lokaci ake rasa shi.

Maganar sutura ma tana da muhimmanci. Dogon hijabi, zani, doguwar riga da wandon jins duk suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa. Mace ko budurwar da za ta taka ruwa ta sa kaya marasa nauyi masu rufe jiki, da ɗan ƙaramin hijabi da ba ya jan ƙasa. Robar da ake hura wa iska ta wasan yara ba rigar kariya ba ce, iska da igiya suna iya janta da yaron a kai.

Tsallakawa zuwa Gberefu

Yawancin masu ziyara kan so su ga wurin da ake kira Point of No Return, wato inda ba a dawowa, a tsibirin Gberefu. Ana tsallaka kogin ne a kwale-kwale mai inji, sannan a taka ƙasa cikin rairayi har bakin teku, ta hanyar da bayi suka bi zuwa jirgi. A kan hanyar akwai wata rijiya da masu jagora ke ba da labarin cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta da gida.

Kafin ku shiga kwale-kwalen, ku tabbatar kowa ya samu rigar kariya daga nutsewa, an ɗaure ta da kyau, kuma ta yara daidai jikinsu take. Dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas ce, ba alfarma ce mai jirgi zai yi maku ba. Idan babu riguna, ko an yi lodi fiye da kima, ko hadari ya haɗo, ku haƙura. Ku tsallaka da hantsi ku dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Tafiyar ƙasan tana da ɗan nisa kuma inuwa ba ta da yawa, saboda haka mai tsohon ciki, tsofaffi da masu ciwon gwiwa gara su zauna a gari. Tekun da ke ƙarshen hanyar na kallo ne da tunani, ba na wanka ba.

Idan abu ya faru

Idan ruwa ya ja wani, kada wanda bai iya ninƙaya ba ya faɗa don ceto. Sau da yawa haka ake rasa mutum biyu a gida ɗaya. Ku yi ihu ku kira masunta da ma'aikatan wurin, ku jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, kamar jarka marar komai da aka rufe bakinta, ko igiya, ko dogon itace. Wanda ya iya ninƙaya kuma ruwan ya ja shi, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai-tsaye. Ya kwanta a kan ruwan ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga inda ruwan ke ja.

Idan an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau 2, har taimako ya zo. Kada a danna cikinsa ko a juya yaro kai ƙasa wai don ruwa ya fito, ɓata lokaci ne kuma yana iya jawo amai ya shaƙe shi. Ko da ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti, domin matsalar numfashi na iya tasowa bayan wasu sa'o'i. Akwai Babban Asibiti a cikin Badagry, lambobin gaggawa na Jihar Legas kuma su ne 112 da 767. Ku adana su a wayar kowane babba.

Ciki, rana da sauro

Ba ruwan teku kaɗai ke ɓata hutu ba. Damina lokacin gudawa da amai ne, kuma Legas ta yi fama da ɓarkewar kwalara a tsakiyar 2024. Ku tafi da ruwan shanku, da sabulu, da abincin da kuka dafa a gida wanda ba ya saurin lalacewa. Idan za ku sayi kifi, ku sayi wanda aka gasa ko aka soya a gabanku, ku ci da zafinsa. Badagry garin kwakwa ne, ku sa a fasa maku ita a kan idonku. Ku sa ƙunshin gishiri da sukari na ORS a jaka, ana narkar da babban ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Iskar teku tana ɓoye zafin rana, yaro ba ya jin ƙishirwa har sai ya galabaita. Ku riƙa ba su ruwa ko ba su nema ba, ku sa masu hula, ku nemi rumfa daga azahar zuwa la'asar. Yaron da yake zabiya yana buƙatar riga mai dogon hannu, malafa da man kariya daga rana. Mai ciwon sikila kuma kada a bar shi cikin ruwan sanyi ko jiƙaƙƙun kaya, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon. Ku tafi da magungunansa, haka ma abin shaƙar mai asma. Kowa ya sa takalmi, saboda fasassun kwalabe da tarkacen da ke cikin rairayi.

Idan za ku kwana, ku tafi da gidan sauro, domin garin yana tsakanin ruwa da fadama. Duk wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo, ko da bayan mako biyu ne, a yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi magani.

Hanya da aljihu

Hanyar ita ce babban titin Legas zuwa Badagry, ta Mile 2, Okokomaiko da Agbara. Cunkoson ababen hawa ne ke yanke tsawon tafiyar, don haka ku tashi da sassafe, kuma idan da hali ku zaɓi tsakiyar mako, lokacin da bakin teku bai cika ba. Saboda kusancin iyaka, akwai shingayen jami'an Kwastam da na shige da fice, kowane babba ya riƙe katin shaidarsa. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin kowane gidan tarihi da kuɗin shigarsa, kuma ku yi ciniki da mai jagora da mai kwale-kwale kafin a fara, zuwa da dawowa.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne gidajen tarihi da safe, tsallakawa Gberefu da hantsi, sannan hutawa a bakin teku kamar na Suntan da ke kan hanyar Seme. Kafin ku shimfiɗa tabarma, ku tambayi ma'aikatan wurin ko akwai mai ceto a bakin aiki, da kuma inda ruwa ya fi ja a ranar. Idan sun ce yau teku ba shi da kyau, ku yarda da su. Yara za su iya gina gidan rairayi, su tsinci kwanson kifi, su hau doki, su koma gida da labarin da za su ba abokansu idan an koma makaranta.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.