Ƙananan Motocin Lantarki da Sarrafa Motsi a Injinan Sassaƙa na Gida

Gabatarwa

A shekarar 1952 aka nuna injin sassaƙa ƙarfe mai aiki da umarnin lambobi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka. A wancan zamani, sai manyan masana'antu da rundunar soja ke iya ɗaukar nauyin irin wannan na'ura. A yau kuwa, maƙeri ko kafinta na iya haɗa ƙaramin inji a bayan gidansa, wanda kwamfuta ke jagoranta, albarkacin saukowar farashin motocin lantarki, wato na'urorin da ke mayar da wutar lantarki zuwa juyawa.

Yadda Moto Mai Taku Ke Aiki

Moton da aka fi amfani da shi a wannan fage shi ne mai taku, wanda ake kira sitefa. Shi ba ya juyawa a sake kamar na fanka. Taku-taku yake tafiya, gwargwadon bugun lantarkin da aka aika masa. Mafi yawansu na juya digiri 1.8 a kowane taku, don haka taku 200 ke cika zagaye ɗaya. Idan aka haɗa shi da sanda mai zare wadda ke tura teburin inji milimita 2 a kowane zagaye, taku ɗaya zai motsa teburin milimita 0.01 kacal. A nan daidaiton aikin yake.

Ana gane girmansu da lambobin NEMA: faɗin fuskar NEMA 17 kimanin inci 1.7 ne, ta NEMA 23 kuma kimanin inci 2.3. Na farko ya dace da aikin roba da katako mara kauri, na biyu kuma ya fi jure nauyi. Ƙaramin allon lantarki irin A4988 na iya raba taku ɗaya gida 16 domin motsi ya yi santsi, yayin da manhajar GRBL, wadda kyauta ce, ke fassara umarnin yanka a kan allon Arduino.

Inda Gizo Ke Saƙa

Raunin moto mai taku shi ne rashin hanyar sanin ko ya isa inda aka aike shi. Kwamfuta ƙirga takun da ta umarta kawai take yi. Idan wuƙar yanka ta ci karo da tauri fiye da ƙarfin moton, sai wasu takun su salwanta ba tare da kowa ya lura ba, duk abin da aka yanka bayan nan kuma ya karkace. Ƙarfinsa na raguwa yayin da gudu ke ƙaruwa, kuma yana shan wuta yana ɗaukar zafi ko da a tsaye yake.

Moton sarbo ya magance wannan, domin yana ɗauke da ma'aunin da ke sanar da matsayinsa a kowane lokaci, sai dai ya fi tsada da wuyar saiti. Wasu masu sana'a kan bi tsakiya: su ciro moton goge gilashin mota ko na tsohuwar firinta, su ɗaura masa ma'auni. Dabarar tana rage kuɗi, amma 'yar ratar da ke tsakanin haƙoran giya kan ɓata awo duk lokacin da motsi ya juya baya.

Kammalawa

Araha ba ta zama asara sai an ɗora wa moto abin da ya fi ƙarfinsa. Mai haɗa inji ya kamata ya fara da lissafin nauyin teburi, taurin abin da za a yanka da gudun da ake buƙata, sannan ya zaɓi moto. Haka kuma, firam mai girgiza ko sanda mai sako-sako za su lalata aiki komai ingancin moton da aka saka.