Fashin Baƙi: Abin Da Doka Ta Ce Kan Shuka Wiwi A Lambun Gida

Tsadar tumatir da barkono ta mayar da magidanta da yawa ga lambun bayan gida. A unguwannin Bosso da ke Minna, buhunan siminti da tsofaffin bokitai sun zama gonaki, musamman tun bayan da Uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar da gasar noman lambu a kowane gida, ga kuma Gwamna Mohammed Umaru Bago da ya ɗauki noma a matsayin tutar gwamnatinsa. Sai dai wanda ya shiga YouTube ko TikTok yana neman yadda ake renon iri a cikin ɗaki kafin a dasa shi a waje, ba da daɗewa ba zai ci karo da Turawa suna baje kolin tsiron tabar wiwi a ƙananan tukwane, hankalinsu kwance, kamar masu renon albasa.

Abin da irin waɗannan hotunan bidiyo ba sa faɗa shi ne a wace ƙasa aka ɗauke su. Uruguay ta halatta shuka wiwi a gida a 2013, ta ƙayyade tushe shida. Kanada ta bi sahu a watan Oktoban 2018 da tushe huɗu ga kowane gida. Jamus ta amince da tushe uku ga baligi daga watan Afrilun 2024. A Amurka wasu jihohi sun yarda, amma dokar tarayya ba ta halatta sha don nishaɗi ba. Shi kansa fara renon a cikin ɗaki dabara ce ta ƙasashen sanyi, inda ƙanƙara ke kashe tsiro, lokacin ɗumi kuma gajere ne. Ba matsalar mutumin Neja ba ce. Matsalarsa ita ce doka.

A Najeriya laifin yana farawa ne tun daga ƙwayar iri. Dokar tabar wiwi ta 1966, wadda gwamnatin soja ta kafa, ta fassara wiwi da cewa duk wani tsiro na wannan jinsi ko wani sashe nasa. Ke nan ba sai ya yi ganye ba, ba sai an girbe ba, ba kuma sai an sayar ba. Hukuncin da dokar ta zo da shi ga wanda ya shuka da saninsa shi ne kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, abin da ke nuna irin kallon da hukuma ta yi wa al'amarin tun a wancan zamani.

Dokar da aka fi gurfanar da mutane da ita a yau ita ce wadda ta kafa Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, NDLEA, a 1989. Sashe na 11 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo, ko ya sarrafa, ko ya shuka, ko ya noma hodar iblis da makamantanta ba tare da izini ba, kuma a takardun tuhuma ana lissafa wiwi cikin waɗannan makamanta. Sashe na 19 ya ce mallaka kaɗai tana jawo ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Babu inda dokar ta ware tukunya guda a bayan ɗaki daga gonar kadada goma a daji, babu kuma inda ta karɓi hanzarin cewa don amfanin kai ne ko don magani. Gaskiya ne alƙalai kan sassauta, musamman ga wanda ya amsa laifinsa kuma karon farko ne, har a kan ba da zaɓin tara. Amma wannan rangwame ne daga kotu, ba haƙƙi ba ne da mai laifi zai dogara da shi, kuma tabon hukunci yana bin mutum zuwa wurin neman aiki da neman bizar fita waje. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan shari'o'i, tana kuma da mazauni a Minna.

Akwai wani sashe da ya kamata masu gidajen haya a Bosso su yi masa karatun natsuwa. Sashe na 12 ya shafi mazaunin gida ko mai kula da shi wanda ya bari aka mayar da wurin ma'ajiya, ko maɓoya, ko wurin sarrafawa ko cinikin ƙwaya, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 25. Bosso gari ne na ɗalibai. Tsohuwar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana nan, sabuwar tana Gidan Kwano, ɗakunan haya kuwa sun kewaye su ta kowace fuska. Da yawa daga masu gidajen ba a ciki suke zaune ba, sai dai wakili ya karɓi kuɗi sau ɗaya a shekara ya yi gaba. Doka ta rataya laifin a kan wanda ya yarda ko ya sa aka yi, don haka wanda bai sani ba yana da abin faɗa a gaban alƙali. Amma kafin a kai ga nan, sai ya sha zirga-zirgar bincike, kuma dokar ta ba da damar ƙwace kadarar da aka aikata laifin da ita.

Wani abin lura ga masu lambu: ganyen wasu nau'o'in rama yana da yatsu kamar na wiwi, har sunan rama a kimiyyance an ciro shi ne daga wannan kamanni. Furenta babba mai launin ruwan ɗorawa da jan ciki shi ke raba gardama. Maƙwabcin da ya leƙa ta katanga ya ga abin da bai gane ba, gara ya tambaya kafin ya ɓata wa mai dambun rama suna.

Masu cewa duniya ta sauya ba ƙarya suke yi ba. A watan Disambar 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga jerin abubuwa mafiya haɗari na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Ko a hakan ma, ganyen ya ci gaba da zama cikin abubuwan da yarjejeniyar ta sa wa takunkumi. A nahiyar Afirka, Lesotho ta fara ba da lasisin nomansa don magani a 2017, Maroko ta yi dokar makamancin haka a 2021, Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu kuma ta yanke a 2018 cewa baligi yana iya shukawa a keɓe don amfanin kansa. A nan gida, marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya yi ta kiran a halatta noman don magani da masana'antu, an kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai, amma babu wanda ya zama doka. Abin lura shi ne ko masu wannan kira lasisin kamfanoni suke nufi a ƙarƙashin sa ido, ba tukwane a tsakar gida ba.

Hujjar hukumar NDLEA, wadda Birgediya Janar Mohamed Buba Marwa mai ritaya ke shugabanta tun watan Janairun 2021, ta dogara ne a kan alƙaluma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabata, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna danganta yawan shansa tun da ƙuruciya da ƙaruwar haɗarin taɓin hankali, musamman nau'o'i masu ƙarfi, kuma irinsu ne masu sayar da iri a intanet suka fi tallatawa.

Manyan gonakin wiwi a ƙasar nan suna cikin dazuzzukan Ondo, Edo, Osun, Ekiti da Delta. Jihar Neja an fi saninta a matsayin hanya, inda jami'ai ke yawan tare motoci a tsakanin Jebba da Mokwa ɗauke da kayan da aka nufi Arewa da su. Matashin da ya yi odar 'yan ƙwayoyin iri daga waje ta hannun kamfanin aika saƙo ba zai ɗauki kansa a sahun waɗancan direbobi ba. A lissafin Sashe na 11 kuwa, shigo da iri daga ƙetare laifi ne mai zaman kansa, tun kafin kunshin ya iso Minna.