Shuka Sitailo Cikin Gamba

Gamba ciyawa ce mai albarka da damina, amma in rani ya yi sai ta zama kara, shanu su ci su rame. Maganin wannan shi ne sitailo, dangin wake daga Amurka ta Kudu, wanda aka gwada a Shika kusa da Zariya. Yana gina jiki kamar harawa.

Ba sai an nome filin kiwo ba. Da saukar ruwan shuka, a sa shanu su cinye ciyawar, su tattake ƙasa. A jiƙa irin a ruwan zafi, don ɓawonsa da tauri, a watsa tare da takin sufa. In gamba ta rufe shi, a sake shigo da shanu su rage ta, kada inuwa ta kashe shi. Sa'an nan a killace, a share gefe saboda gobara, a ajiye wa shanun tatsa sai rani.