Gida a Madawa, mai gida a Abijan: wa za a bar wa makulli?

Ɗan Babankatami da ya yi shekaru yana biɗa a Abijan, Libiya ko Kamaru, idan ya tashi gina gidan haya ba a ƙauye yake yi ba. Buza, Madawa ko Tawa yake nufa, inda malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da jandarmomi ke neman ɗaki duk lokacin da aka yi musu sauyin wurin aiki. Ginin kan ƙare lafiya. Rigima tana farawa ne ranar da ya miƙa makulli ya koma.

Yawanci ƙane ko kawu ake bar wa, da baki kawai. Ba lallai a samu cin amana ba. Kuɗin haya ne ke narkewa a hidimar gida: suna, magani, buhun hatsi lokacin bazara. Kuma a Adar, wa zai iya ce wa kawunsa ya kawo lissafi? Wakilin da ake jin kunyar tambayarsa, ko ba a iya sallamarsa, bai dace da aikin ba, komai kirkinsa.

Dillali ma ba wakili ba ne. Shi ya kawo ɗan haya, ya karɓi la'adarsa, ya wuce. Wakili kuwa yana nan wata da wata, don haka kafin a ɗauke shi sai a tambayi masu gidajen da ya riƙe, har da waɗanda suka rabu da shi. 'Yan haya ma suna da abin faɗa: in famfo ya lalace, kwana nawa yake yi kafin ya leƙo?

Nijar na da dokar haya tun 1996, kuma a gaban alƙali takarda ta fi rantsuwa. A rubuta ladan wakili, ranar da zai tura kuɗi, da iyakar abin da zai kashe a gyara ba tare da ya kira mai gida ba. Tura kuɗi ta Nita ko Amana na barin rasidi, hotonsa kuma minti ɗaya ne a WhatsApp. Haka takardun wutar NIGELEC da na ruwa, domin idan mita da sunan mai gida take, bashin da ɗan haya ya gudu ya bari a kansa zai faɗa.

Damina ce ke tona asirin wakili. Wanda bai duba rufi da indararo ba tun watan Mayu, a Agusta zai kira yana neman kuɗin tayar da katanga.

Takardar fili ta asali kuwa, wadda ma'aikatar magajin gari ta bayar, ba ta cikin abin da ake bar wa wakili. Kwafi ya ishe shi.